Me za mu kira "icon" da Hausa? Kawu Sam ne ya jawo maganar

Jama'a ku agaza min da kalma. Jiya ɗan yayata ya dawo daga gwanjo da wata riga, a gabanta hoton tsohon nan mai doguwar hula da taurari, gemu kamar na bunsuru, ya miƙo yatsa kamar mai bin ka bashi, wato Uncle Sam na Amurka, Kawu Sam ke nan. Yaro ya ce Kawu wannan shugaban Amurka ne? Na ce a'a, icon ne kawai. Ya ce to mene ne icon ɗin? Nan na tsaya cak wallahi.

Ba na wayar nan da ake dannawa nake nufi ba, shi alamar manhaja ta ishe shi. Ina nufin hoton da ƙasa take kallo ta ce ni ce nan. Wannan zanen na jikin rigar James Montgomery Flagg ne ya yi shi, ya fara fitowa a bangon mujalla a 1916, a 1917 aka mai da shi fosta ta ɗaukar soja aka buga wajen miliyan 4, kuma abin dariya fuskarsa ya kalla ya zana, ya tsufar da ita ya manna mata gemu. Yatsan ma aro ne, daga fostar Lord Kitchener, ministan yaƙin Ingila, ta 1914.

Wasu sun riga sun kawo min tasu kalmar. Malam da ka ce tambari, Allah ya ƙara sani, amma ban yarda ba. Tambari hukuma ce ke zama ta amince da shi, kamar mikiyar da ke kan hatimin Amurka tun 1782. Shi kuwa Sam a bakin mutane ya tsiro, labarin da ake bayarwa shi ne wani mai sayar wa sojoji nama a garin Troy lokacin yaƙin 1812, Samuel Wilson, ana rubuta U.S., wato Amurka a taƙaice, a jikin gangunan naman sai sojoji suka ce ai na Uncle Sam ne. Sai 1961 majalisarsu ta bi bayan labarin ta amince da shi.

Hajiya kuma kin ce gunki, kuma ta fuskar asali kin kusa, don kalmar daga Girkanci take, ita ake kiran hotunan ibada na cocin Otodoks da ita. Amma ki rubuta "gumakan Amurka" ki gani, rabin masu karatu za su ɗauka sujada ake musu. Alama kuma ta yi faɗi da yawa, har ta kan titi alama ce.

"Fuskar ƙasa" da ƙanina ya kawo ta burge ni, ta zauna wa Sam, ta zauna wa mutum-mutumin 'yanci da Faransa ta ba su aka buɗe shi a 1886. To hoton sojojin da ke kafa tuta a tsibirin Iwo Jima na Japan a 1945 fa, wanda ko fuskar mutum ɗaya ba ka gani sosai?

Ni dai inda zuciyata ta tsaya shi ne kirarin ido. Ku bari in gama kafin ku taso min. Idan aka ce Kano ta Dabo tumbin giwa, ko da me ka zo an fi ka, ba wanda ya je ya auna ya tabbatar an fi shi ɗin, amma Bakano ya ji sai ya gyara zama, kuma yaro yana jin sa tun bai san Dabo ba har ya girma yana ganin haka garinsu yake. Aikin da hotunan nan suke wa Ba'amurke ke nan, ta ido maimakon kunne. Ku ɗauki zanen George Washington, wanda ya zama shugabansu na farko, yana tsallake kogin Delaware, yana tsaye ƙyam a kwalekwale cikin ƙanƙara, abin ya faru 1776 amma a Jamus Emanuel Leutze ya zana shi a 1851, tutar da ke ciki ma ba a ƙirƙiro ta ba sai 1777. Wa ya damu? Maroƙi ba ya rantsuwa kafin ya wasa ka.

Kuma kirarin wani zambon wani ne. Akwai zanen John Gast na 1872, mace cikin fararen kaya tana shawagi ta nufi yamma, littafin makaranta a hannu tana jan wayar tangaraho, jiragen ƙasa na bin ta, a gabanta kuwa 'yan asalin ƙasar ne da ɓakanensu ke gudu cikin duhu. Jikan wanda ya yi ƙaura yamma da jikan wanda aka kora ba abu ɗaya suke gani ba. Tambari ko alama ba za su ɗauki wannan nauyin ba.

Na san jam'in zai ba mu wuya, kirare-kiraren ido ya cika baki, ni dai zan riƙa cewa "hotunan da suka zama kirarin ido" in wuce. Idan mutum ne mai rai kamar Muhammad Ali a zamaninsa, gwarzo ko tauraro na nan, kar a wahalar da kai.

Saura rigima ɗaya da yayata ta tayar da daddare, wai Kawu Sam kuskure ne, kawu ɗan'uwan uwa ne mai lallashi da ba da kuɗin alawa, wanda zai nuna ka da yatsa ya tura ka yaƙi sai dai Baffa.