Motar sulke mai iyo a ruwa: abin da aka tattauna a majalisarmu

A majalisarmu ta bayan la'asar nan Sakkwato, hira ta kai kan motocin yaƙi masu taya da ke iya tsallake kogi. Akwai tsofaffin sojoji a zaune, da kanikawa.

Abin da suka fi nanatawa shi ne shiga ruwa ya fi fita sauƙi. Motar sulke BTR-80 ta Rasha, mai taya 8, tana gudun kilomita 80 a awa a kan titi, a ruwa kuwa kusan 9 kawai, injin feshin ruwa na tura ta daga baya. Amma in gaɓar ta yi tsayi ko taɓo ya yi kauri, kamar fadamar Rima da damina, nan take kafewa. Don haka a tura mutum ya duba mafita tukuna, a rage iskar taya daga cikin mota.

Kafin shiga, a toshe ƙofofin zubar ruwa na ƙasa, a gwada famfon kwashe ruwa, a ɗaga allon gaba mai kare igiyar ruwa. Bayan fita, wani kanike ya ce, a duba man giya. In ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga.

Gargaɗin da ya fi tsaya min: sulken irin wannan mota siriri ne domin ta iya iyo. Harsashin ƙaramar bindiga take tarewa. Wanda ya lafta mata ƙarin ƙarfe, kada ya sa 'ya'yan mutane ciki ya nufi kogi.