Ɗan yayana ya zama ɗan rawar bale a Turai, ina alfahari da shi, amma ya zan yi da Inna da mutanen gari?

Manomin Ringim:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema, kuma ina roƙo a karanta har ƙarshe kafin a yanke min hukunci.

Yayana, Allah ya jiƙansa, harkar shanu ce ta kai shi Legas, a Agege ya zauna, can ya yi aure can ya rasu ya bar yara uku. Autan nasa tun yana ƙarami ba ya zama waje ɗaya, in sun zo hutu ƙauye to fa sai alkafura a kan yashin rafi da tafiya da hannu ƙafa a sama, har Inna takan ce wannan yaro ba ƙashi a jikinsa. Ashe can Legas akwai wani malami da ke koya wa yaran unguwa wata rawar Turawa kyauta, bale ake ce mata, yaron ya shiga yana ɗan shekara 9. Yana 12 wata makaranta a Ingila ta ɗauke shi, boko da rawar duka su za su biya. Ni na sa hannu a takardar a matsayina na baffansa, na ce wa Inna karatu zai tafi, ban yi ƙarya ba amma ban faɗi duka ba. Yanzu shekararsa 19, satin da ya wuce ya kira ni ya ce Baffa an ɗauke ni aiki, wani gidan rawa a Jamus ya ba shi kwantiragi da albashi duk wata.

Ya turo min bidiyo, sai da na fita bakin titi inda sabis ke kamawa sannan ya buɗe. Wallahi jama'a da na ga ya yi tsalle ya tsaya a iska kamar an rataye shi, ya juya sau biyu ya dira ba ko tangaɗi, hawaye ne suka zubo min, don ƙafar ubansa na gani. Yayana ɗan kokawa ne, duk kaka in an gama girbi shi ake jira a fili. Maraya ne fa wannan yaron, shekara bakwai cikin sanyin da bai saba ba, ba uwa ba dangi, bai dawo mana da shaye-shaye ba bai dawo da abin kunya ba.

Matsalar ita ce ƙanina ya sa bidiyon a WhatsApp, kafin magariba ya zaga gari. A majalisa har wani ya ce wai ɗan daudu muka tura Turai. Ni kuma so nake na yi walima in ya zo. In yi ko kar in yi? Kuma ta yaya zan faɗa wa Inna?

Baƙon Birmingham:

Wa alaikumus salam Malam. Barka, Allah ya sanya alheri. Ni ɗan Kazaure ne, aikin asibiti ya kawo ni Ingila, kuma na taɓa shiga na kalli wannan rawa da idona, shi ya sa nake so ka san girman abin da yaronka ya samu.

Rawar ta faro ne a fadojin sarakunan Italiya, Faransa ta raya ta, sarkinsu Louis na 14 shi kansa ɗan rawa ne, a 1661 ya kafa mata makaranta, shi ya sa har yau sunayen takunta da Faransanci ake kira ko a Rasha ko a Amurka. Labari ake bayarwa da jiki, ba magana ba waƙar baki, makaɗa suna zaune a ƙasan dandamali, 'yan kallo kuma shiru kamar a aji. Wahalarta kuwa ba a magana, kullum da safe sai sun yi kusan awa ɗaya da rabi suna motsa jiki, su fara da riƙe wani dogon katako da ke jikin bango, sannan a shiga gwaji har yamma, da dare kuma wasa. Yara da yawa ke shiga makarantun nan, kaɗan ne ke samun kwantiragi in sun gama.

Kuma ba shi kaɗai ne ɗan Najeriya da hanyar ta buɗe wa daga Legas ba. In ka tuna a 2020 akwai yaro Anthony Madu da aka ɗauke shi a bidiyo yana rawa cikin ruwan sama ba takalmi, yana ɗan shekara 11, daga baya makarantar Elmhurst ta nan garin da nake ta ɗauke shi.

Abu ɗaya zan ja kunnenka, sana'ar gajeren rai gare ta. Yawanci kafin 40 jiki ya gaji, a babban gidan bale na Paris ma 42 ake ritaya, ga ciwon gwiwa da idon sawu da baya. Sabon ɗauka kuma a cikin 'yan sahun baya yake farawa, albashin ba irin na 'yan ƙwallo ba ne, ga haya ga haraji. Dan Allah kar dangi su ɗora masa kaya, in ya turo ɗan abu ku saya masa gona ko shanu da sunansa.

Ɗalibin Ilimi:

Malam ina tausaya maka, kuma wanda ya kira yaron da wancan suna ya ji tsoron Allah, ƙazafi ba wasa ba ne. Amma gaskiya ɗaya ce dole a faɗe ta. Na nemi bidiyon irin rawar na gani, kayan da maza ke sawa matsattsu ne sosai, al'aurar namiji kuwa daga cibiya ne zuwa gwiwa, sannan babban aikin namijin shi ne ya riƙe mace a ƙugu ya ɗaga ta sama, macen da ba muharramarsa ba. Wahalar da aka sha kafin a samu abu ba ita ke halatta shi ba. Don haka ni ban ga walima a kan wannan aikin ba.

Sai dai hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Kar ku yanke shi, kar ku zage shi, yaron da ya tashi tun yana 12 a hannun waɗanda ba musulmi ba in har yau yana kiranka Baffa yana neman albarkarka, to akwai alheri a tattare da shi. Ka tambaye shi sallah, ka tambaye shi ya yake yi da azumi. Ka je wurin malamin da ka yarda da iliminsa ku zauna, ba a majalisa ba.

Maman 'Yan Biyu, Ɗambatta:

Ni dai maganar Inna ce ta tsaya min. Yaya ka tashi ka faɗa mata yau yau, kar ka bari ta je gidan suna wata ta nuna mata a waya da baƙar magana a kai, wannan shi zai ƙona mata rai, ta ce shekara bakwai kuna mayar da ita yarinya. Tsofaffin nan sun fi mu sanin duniya wallahi.

Sannan mu daina yi kamar ba mu san rawa ba. 'Yan Koroso maza da mata suke, da kacau-kacau a ƙafa, suna lanƙwasa jiki suna hawa kan juna, in sun fita da sunan Kano tafi muke muna cewa al'adarmu ce. Kakata har ta rasu tana ba mu labarin kalankuwa da yadda samari da 'yan mata ke kwana rawa bayan girbi. Ban ce Malam na sama bai faɗi gaskiya ba a kan sutura, ni ma da ɗana ne zan so a ce da wando mai faɗi yake yi. Amma masu surutun majalisa, lokacin da uban yaran ya rasu wa ya aika wa uwarsu ko kwanon gero?

Manomin Ringim:

Na gode jama'a, Allah ya bar zumunci. Ƴar'uwa na bi shawararki, jiya bayan isha'i na shiga ɗakin Inna na zauna na faɗa mata komai, na miƙa mata wayar. Sau uku ta sa na maimaita bidiyon. Ta daɗe ba ta ce komai ba, can sai ta ce wannan mijin nawa ba sa ba shi abinci ne, ji yadda ya rame. Sai kuma ta yi min faɗa sosai a kan ɓoyewar, kuma ta fi ni gaskiya. Da aka zo wurin da ya ɗaga yarinyar ta kawar da kai, ta ce wannan kam ba ta so, a faɗa masa.

Malam, maganarka ta shige ni, kuma ba ni da amsarta, ba zan ce abin da ba daidai ba daidai ne don ɗana ne. Na tambaye shi sallah ya ce yana yi, da dardumarsa a ɗakin canza kaya, azumi kuma ya ce yana wahala ranar da suke da wasa amma bai sha ba. Na yarda da shi, bai taɓa yi min ƙarya ba. Alfaharin da nake yi da yaron nan ba zan iya cire shi daga ƙirjina ba ko na so.

Abin da muka tsayar da Inna, ba za a kira ta walimar aiki ba. Hutunsu a Yuli ne, ya ce zai zo, to ranar da ya sauka za a yanka rago a yi wa mahaifinsa addu'a, a ciyar da mutane, shi ma a sa masa albarka. Wanda ya ga dama ya zo.

Baƙon Birmingham tambaya gare ka, ya ce ko a hutu ba zai iya sati uku bai motsa jiki ba, yana buƙatar ɗaki mai shimfiɗaɗɗen ƙasa da abin riƙewa. Hedimastan firamarenmu abokina ne zai ba mu aji ɗaya da yamma bayan an tashi, bayan benci zai iya zama abin riƙon. Amma ƙasan siminti ne, ba zai ji masa ciwo a gwiwa ba? Ko in sa kafinta ya shimfiɗa katako tun yanzu?