Neman shawara: tsohuwar radiyeta da na cire, ga sanyi ya kawo kai

Baban Ilham, Bradford:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Bara muka sayi gidan nan, tsohon gini ne, kuma a ɗakin ƙasa akwai radiyeta (abin ɗumama ɗaki da ruwan zafi) ta baƙin ƙarfe mai gaɓa 12. A watan Agusta na cire ta don a yi wa bango filasta. Mu uku muka kinkime ta zuwa filin baya, muka kwantar da ita a kan katako. Yanzu mai ɗakina na da tsohon ciki, surukata za ta taso daga Katsina farkon Nuwamba don zaman jego. Ko hunturun gida ba ta jurewa, kuma a ɗakin nan za ta zauna don gwiwa ba ta barin ta hawa bene. Na fara goge tsohon fentin da sanfefa, na zura tiyo, ruwa baƙi ƙirin yana ta fita. In mayar da ita da kaina ko yaya? Wallahi abin ya hana ni barci.

Maman Sadiq, Leeds:
Innalillahi! Malam, ka ajiye sanfefar nan yau. Fentin tsofaffin gidajen Ingila sau da yawa akwai dalma a ciki, ga mai ciki a gida. Ka manta Zamfara a 2010, yara sama da 400 da gubar dalma ta kashe? Ana sayar da ɗan abin gwaji, ka gwada tukuna.

Baban Ilham:
Hajiya, a waje nake gogewa, kuma da takunkumi.

Maman Sadiq:
Kayan jikinka fa? Da su kake shiga ɗaki.

Alhajin Manchester:
Ƙanena, shekara 20 ina gyaran gidaje a ƙasar nan, ka ji maganata. Kuskurenka na farko kwantar da ita. Irin wannan a tsaye ake ɗaukarta, don tsakanin gaɓa da gaɓa akwai gaskit mai hana yoyo, da ta lanƙwasa ya buɗe. Na biyu, ba ka faɗa mana wace boila (tukunyar da ke dafa ruwan ɗumama gida) gare ka ba. Tsofaffin radiyetocin nan an saba haɗa su da tankin ruwa na cikin rufi, mai ƙaramin matsi. In boilarka kombi ce, wato marar tanki, matsinta bar 1 zuwa 1.5 ne tun ruwa na sanyi, duk wata kafa sai ta tona. Ka sayar wa 'yan gwangwan, ka sa ta zamani. Magana ta ƙare.

Malam Habu, Sheffield:
Alhaji, ba a yar da ita haka ba. Baƙin ƙarfe na jinkirin ɗaukar zafi amma yana daɗewa bai huce ba, ya dace da tsohuwa. Akwai masu fesa mata yashi su cire fenti, su gwada ta da matsi, su sake fenti. In ta ci gwaji, a ci gaba da wanke ta har ruwa ya fito fari, a sa sabon bawul da farin tef na PTFE, a fitar da iska da ɗan makulli, a zuba maganin hana tsatsa irin Fernox ko Sentinel. Kuma ka kula, bushi (notin da bawul ke shiga) na gefe ɗaya kan zama mai zaren hagu, kada ka murɗa da ƙarfi.

Ummu Yasmin, London:
Ku kun ji daɗi da gidan kanku. Ni sati uku ke nan radiyetar ɗakin yara sama zafi ƙasa sanyi, mai gidan hayar ya ƙi ɗaga waya. Kowane wata kuɗinsa ba ya makara.

Alhajin Manchester:
Laka ce ta taru a ƙasa, 'yar uwa. Malam Habu, kuɗin ɗaukarta da fesa yashi ya sayi sababbi biyu. Kuma masu aikin nan ba sa gamawa a kwana goma.

Baban Ilham:
Na gode Alhaji, amma wannan radiyetar na cikin abin da ya sa mai ɗakina ta so gidan. Kuma a hankali muka kwantar da ita, ba jefarwa muka yi ba. Kafin in cire ta ko ɗigo ba ta yi.

Malam Habu:
To wace boila ce dai?

Baban Ilham:
Fara ce, tana kicin. Ina ganin zan gama fentin ranar Asabar in ɗaura ta mu gani. Doka ta hana in yi da kaina?

Malam Habu:
Rajistar Gas Safe ta aikin gas ce, muddin ba ka taɓa boila ba babu laifi. Amma a gwada ta kafin ta hau sabon kafet.

Maman Sadiq:
Har yanzu ba ka ce ka gwada fentin ba.