Wai Shaihu Umar ɗin za ka gyara?

Ɗan Wunti: Salam jama'a. Ni fa raina a ɓace yake. Sati biyu kenan da na saka babi uku na labarin da nake rubutawa, wanda na ɗauko Malam Zurƙe na Ruwan Bagaja na kawo shi Bauchi yana damfarar 'yan tumatir a kasuwar Muda Lawal, Alhaji Imam na biye da shi a keke napep, amma ko mutum ɗaya bai ce min ci kanka ba, alhali da hoton masa da miyar taushe na saka da tuni an cika wajen nan da surutu. To yanzu kuma so nake in gyara ƙarshen littafin Shaihu Umar. A ce uwa ta bar gida neman ɗanta, a kama ta baiwa, a ratsa Sahara da ita, suna haɗuwa kuma ba a jima ba ta cika? Tun ina aji biyu abin nan ke min ciwo. A nawa rayuwa za ta yi, ta biyo shi har Rauta, garin da ya zauna, ta goyi jikoki.

Malam na Jahun: Gyara? Yaro me ya ɓaci da za ka gyara? Littafin da Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta yana malamin makaranta, aka buga tun 1934, kakanka ma bai yi kaciya ba lokacin. Kabarin mutumin nan yana cikin garin nan, kullum ta gabansa kake wucewa a mashin, ka ji tsoron Allah.

Ɗan Wunti: Allah ya huci zuciyar Malam, ni ban ce ya yi kuskure ba.

Malam na Jahun: Ka faɗa mana. Ba a gyara abu sai ya lalace.

Maman Ilham Jekadafari: Haba Malam, a wace Hausar? Mai gyaɗa in ta auna maka mudu ta ɗebo 'yar kaɗan ta ƙara, me ake cewa ta yi? Gyara. Gyaɗar lalacewa ta yi? Amarya ma ana mata gyaran jiki kuma ba wanda ya ce a karye take.

Baban Halifa: Wannan dai gyaran gangar Auzinawa za a yi. Mutuwar uwar nan ita ce littafin gaba ɗaya, ita ke sa ka ji ɗacin cinikin bayi a maƙogwaronka, in ka raya ta ai ka mayar da shi fim ɗin soyayya, saura rawa da waƙa.

Maman Ilham Jekadafari: To shi Abubakar Imam fa? Labarai nawa ya ɗauko daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turawa ya sa musu riga da hula ya zuba su a bakin aku a Magana Jari Ce? Wa ya ce masa yaro?

Malam na Jahun: Hajiya ki iya bakinki, yanzu kin koma cewa Imam sata ya yi.

Maman Ilham Jekadafari: Ina na rubuta sata? Ku duba sama dan Allah.

Auta: Ni dai a bar batun Shaihu Umar, wani ya taimaka ya rubuta mana Kalala da Kalalatu a gidan haya, Kalalatu ta cinye kajin baƙi ta ɗora wa mai gidan hayar. Ko Fasih ɗan aku ya girma ya gaji ubansa a wazirci kuma ya zamo ba ya son magana sam. Wallahi zan sayi data in karanta.

Baban Halifa: Ai Magana Jari Ce ɗin ma a gasar da Shaihu Umar ya shiga aka yi shi.

Maman Ilham Jekadafari: A'a. Gasar 1933 da Baturen nan Rupert East ya shirya, Ruwan Bagaja Imam ya kai, yayansa Bello Kagara ya kai Ganɗoki. Magana Jari Ce sai 1937 ya fara fitowa. Masu tsaron littafi ba su ma san littafin ba.

Baban Halifa: To 'yan Gombe an zo. Jiya jiya 1996 aka yanke ku daga jikinmu har kun fara koya mana tarihi. Ku kawo naku marubucin ku gyara.

Maman Ilham Jekadafari: Da Tafawa Ɓalewa ya zama Firayim Minista Bauchi kaɗai ya mulka? Kuma tunda ka yi magana Baban Halifa, Iliya Ɗan Maiƙarfi ɗina da ka ara ranar sunan Halifa, yanzu yaron yana aji uku, bangon baya ma na ji an ce an yi fifita da shi.

Baban Halifa: Wannan ba a nan za a yi ta ba Hajiya.

Auta: Wai ma tsaya, Shaihu Umar littafin yara ne? Mu a sakandare aka karanta mana shi kuma malamin da bulala yake shigowa.

Malam na Jahun: Shi ya sa kuka fito haka, bulalar ba ta isa ba.

Admin: To ya isa haka. Na bi maganar tun daga farko, abin da na fahimta shi ne kusan kowa ya yarda kalmar gyara ba ta dace da aikin Marigayi ba, Malam ya kawo hujjoji masu ƙarfi, Baban Halifa ma ya yi bayani mai gamsarwa. 'Yar'uwarmu ta Gombe ta yi ƙoƙari sai dai ta fita daga maudu'i da zancen gyaɗa. Ɗan Wunti ka janye kalmar, in rubutun kake so ka taɓa Zurƙe, shi dama ɗan iska ne ba mai jin haushi. Na rufe.

Maman Ilham Jekadafari: Kusan kowa? Mutum biyu ne, kuma ɗayan surukinka ne.

Ɗan Wunti: Na janye. Amma Zurƙen ai shi na taɓa tun sati biyu, babi ukun suna nan sama, ku ɗan ja.

Auta: Ka sake turowa, wayata ta goge.