Waɗanda aka ɗora wa tsare bayanai a ma'aikatun tsaro a Kano, yaya kuke fama?

Jami'in sashen kwamfuta: Assalamu alaikum. Wata bakwai ke nan da aka ba ni aikin sa ido kan yadda ake adana bayanai a ofishinmu. Aikin kwamfutar bai dame ni ba, muƙami ne matsalata. Ni ƙarami ne, waɗanda zan ce wa su daina abu kuwa duk manyana ne. Kwamfuta ɗaya mutum shida ke amfani da ita, kalmar sirrin tana rubuce a takarda an manna a gefen allo. Da na cire takardar, oga ya kira ni ya ce na hana mutane aiki. 'Yan'uwa, wa ya taɓa shiga irin wannan?

Mai bincike, shekara 19 a aiki: Ƙanena, kada ka je musu da bakinka, je musu da takarda. Ni ma da na ɗauka dokar kare bayanai ta 2023 ba ta shafe mu ba, tunda bincike muke yi. Sai wani lauya ya zaunar da ni. Gaskiya ne an sassauta wa masu binciken laifi wasu sharuɗɗa, amma ba a ɗauke mana sashe na 40 ba: in bayanan mutane suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da su, sai an sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, cikin awa 72. Rubuta wannan a shafi ɗaya, ka kai wa babban oga ya sa hannu. Daga ranar nan, umarninsa ne, ba naka ba.

Mai buga takardu: Yallaɓai, a faɗi gaskiya dai, ba ganganci ne kaɗai ba. Ranar da babu wuta, janareto babu mai, firinta babu tawada, kotu kuma tana jira ƙarfe tara, me za a yi? Da ƙafata na sha kai bayanin wanda ake zargi shagon buga takardu a filas. Wata rana na koma na ga fayil ɗin yarinyar da aka yi wa fyaɗe yana nan a kwamfutar shagon, da sunanta da unguwarsu, kowa na iya buɗewa. Na sa aka goge a gabana, amma daren nan ban yi barci ba. Mun yi karo-karo mun sayi tawada. Tun daga nan ban sake fita da fayil ba.

Mai gabatar da ƙara: Nawa a kotu na gani. Mun kawo saƙonnin waya a matsayin shaida, lauyan wanda ake ƙara ya tsaya kan sashe na 84 na dokar shaida ta 2011, wanda ya shafi shaidar da aka samo daga na'ura, ya tambayi wace na'ura aka yi amfani da ita, wa ya taɓa ta. Ashe ta WhatsApp aka turo, daga waya zuwa waya har hannu uku. Aikin wata biyar ya yi rauni a gabanmu.

Jami'in sashen kwamfuta: WhatsApp ɗin nan shi ne ciwon kaina. Sigina, wato saƙon cikin gida na aiki, ta fito da safe, kafin azahar hotonta yana Facebook.

Mai bincike: Ka ƙara da wayoyin da ake kai wa gyara. Wani yaronmu ya kai tasa kasuwar waya ta Farm Centre, ya ba mai gyara lambar buɗewa ya tafi sallah, hotunan shaidu cike a ciki. Yanzu mun buɗe rajista: duk waya ko filas da ke da kayan aiki, sai an rubuta fitarta da dawowarta.

Mai buga takardu: Yallaɓai, don Allah a turo mana yadda kuka tsara rajistar, in nuna wa ogana ranar Litinin.