Dan Allah a ba ni shawara, tafiyar Gudauri ta hana ni barci

Ɗan Jidda: Salamu alaikum 'yan uwa, masu sani ku taimaka min. Ni ina aiki ne a shagon kayan gyaran mota nan Jidda, akwai wani abokin aikina ɗan Labanon, shi tun yana yaro yake zamiya a kan dusar ƙanƙara, to bara da sanyi shi ya ja ni muka je Gudauri ta ƙasar Jojiya, daga Tibilisi wajen awa 2 ne a mota. Wlh abin ya shiga raina. Matsalar ita ce jama'a, layin hawa tilfirik (motar igiya mai kai mutane saman dutse) kaɗai kamar ɗawafi a goman ƙarshe, kafin ka kai sama an riga an tattake ƙanƙarar ta yi tauri, ga yara ga masu koyo kowa na zubewa a gabanka. Sai ka hango wasu can bayan tutocin da ke nuna iyakar hanya inda ba wanda ya taka, suna gangarowa dusa na tashi har ƙugunsu, abokina ya ce waccan ce zamiyar gaske, tamu wasan yara ce. To bana na kwashi adashina (kuma ni ne na ƙarshe don na bar wa wani kwasata da matarsa ta haihu, har yau ko sannu bai ce min ba amma ba komai) na biya tikiti da masauki, irin wanda ba a mayar da kuɗi. Yanzu Yayana na Kano ya ji labari ya bugo yana faɗa, wai rufin ɗakin Hajiya na jiran gyara kafin damina ni kuma zan tafi wasa da ƙanƙara, alhali ni na tura kuɗin siminti da azumi. Maiɗakina ma sama-sama take amsa min magana. Tambayata, ya ake yi mutum ya samu sabuwar dusa kafin a tattake ta, kuma in bi abokin nan bayan tutocin ko kuwa?

Maman Hanan: Wa alaikassalam. Ni ban san ƙanƙara ba amma na san abin da ke damun matarka. Ita ka taɓa kai ta ko Ɗa'if ta sha iska? Namu maigidan haka yake, duk hutu sai ya ce aiki ya tura shi Dammam, ni da yara muna ɗaki ɗaya a Makka da AC mai ƙara, in ka yi magana a ce ba ka da godiya. Maza dai Allah ya shirye ku.

Injiniya: Ƙanina saurara da kyau, ni a Almati ta Kazakistan na yi karatu, wurin zamiya na Shimbulak a bayan gari yake, abin nan na san shi ciki da bai. Sabuwar dusa ba a samunta da sa'a, da sammako ake samu. Ka karɓi takalmi da allunan zamiyarka na haya tun da yamma, ka sayi katin hawa tun da yamma, da safe ka kasance a bakin tilfirik kafin a buɗe. Duk wanda ya tsaya shan shayi a otal sai dai ya tarar da sawun mutane. Kuma kar ka tsaya a ƙasa inda masu koyo suke, ka wuce sama, Gudauri tana kaiwa sama da mita 3,200 a ƙololuwar Sadzele. Yawancin gangarenta na kallon kudu ne, rana na bugawa dusar ta yi nauyi ta jiƙe, ɓangaren Kobi da ke kallon arewa ya fi riƙe ta da laushi. Sannan alluna, waɗannan sirara da ake ba 'yan koyo nutsewa suke yi, ka ce a ba ka masu faɗi, wajen milimita 100 a tsakiya. Ƙafafunka kusa da juna, nauyi a kan duka biyun, kar ka kwanta baya ko da an ce maka haka ake yi, cinyarka ce za ta mutu kafin azahar. Kuma sai da ɗan gudu, mai tsoro shi ke kifewa.

Direban Tabuk: Kai jama'a, har sai an je Jojiya? Mu nan Jabalul Lauz ƙanƙara na sauka wasu shekarun, ba biza ba tikiti. Sai dai gaskiya ba wurin zamiya ba ne, hoto ake yi da shayi. Ni ma ba na son lokacin, da an ga ta a waya sai mai gidana ya tashe ni cikin dare wai mu kai yara, motoci sun cika hanya, su suna ciki da hita ni ina waje ina haɗa gawayi, ko riyal ɗaya ba a ƙara min.

Nas ta Madina: Malam ba ka faɗa mana iyawarka ba. Wane launin hanya kake bi, daga mafi sauƙi zuwa mafi wuya, kore, shuɗi, ja ko baƙi? Don in bara ka fara, maganar bayan tutoci ma ba ta taso ba. Can ba a daddaɓe wurin, ba a sintiri kamar cikin hanya, kuma kwana ɗaya zuwa biyu bayan saukar dusa mai yawa shi ne lokacin da ta fi zaftarewa, wato daidai ranar da kake nema. Wanda ta binne in an wuce minti 15 ba a tono shi ba damar fitowa da rai tana raguwa ƙwarai. Ko ba wannan ba, jijiyar gwiwa in ta tsinke tiyata ce da watanni kana ɗingishi, wa zai tsaya maka a shago? Ka duba inshorarka ma, da yawa ba sa biya in a wajen hanya ka ji ciwo.

Ɗan Jidda: Maman Hanan na kai ta Ɗa'if mana, har tilfirik ɗin Hada muka hau, ita ce ma ta ce jiri take ji. Anti Nas ni ba sabon shiga ba ne kamar yadda kike zato, ranar ƙarshe na sauko ja kuma malamin da ya koya min da bakinsa ya ce ina da saurin ɗauka. Abokin nawa kuma ba yaro ba ne, ya san abin da yake yi. Ni fa ba cewa na yi zan hau ƙololuwa ba.

Injiniya: Hajiya Nas kina tsorata shi ne kawai. Zaftarewa tana da ƙa'ida, galibi a gangare mai digiri 30 zuwa 45 take tashi, kuma akwai ma'aunin haɗari daga 1 zuwa 5, mutum ya tambayi masu sintiri da safe. Gefen hanya inda ba tsayi sosai, mita kaɗan daga tuta, nan kowa ke koyo, ni ma nan na koya. In zai yi nisa ne sai ya ɗauki jagora da na'urar nemo mutum da shebur da sandar bincike, shi ke nan.

Nas ta Madina: Injiniya ai a mataki na 3 aka fi mutuwa, don mutane na ganin tsakiya ne ba komai. Kuma Gudauri ba bishiyoyi, hazo na saukowa ba ka bambance sama da ƙasa, mita kaɗan ɗin naka ya zama ina? Kai ka yi shekaru kana yi, shi fa?

Bahaushen Gadarif: Ku duk kun tsallake babbar magana. Ɗan uwa wata nawa ya rage a iƙamarka (takardar izinin zama)? Da can mai iƙamar Saudiyya shiga Jojiya yake ba biza, amma a 2025 sun tsaurara wa wasu ƙasashe, har da Najeriya da Sudan, ana so iƙamar ta kasance da sauran shekara guda ranar da za ka shiga. Ka bincika kafin kafili, wato uban gidanka, ya buga maka kuruj da auda (bizar fita da dawowa). Mu dai da fasfon Sudan mun saba, tun da yaƙi ya tashi a 2023 ko gida ban leƙa ba, mahaifiyata sai dai murya a waya in an samu netwok, ku kuna maganar hutu. Allah ya kawo mana sauƙi.

Malam na Sharafiyya: Amin. Ni abin da zan ce, uwa ta fi ƙanƙara. Ka gyara wa Hajiya ɗaki, in sha'awa ce ka je Ski Dubai, cikin kanti take, tun 2005 ake yi, ka yi awa biyu ka dawo.

Injiniya: Malam wancan firji ne, ba a samun sabuwar dusa a ciki. Ƙanina in Jojiya ta ƙi, ka juya Turkiyya, Arjiyas a Kaisari ko Falandokan a Arzurum, dusarsu busasshiya ce. Uludag kar ka fara, mutanen Istanbul ke cika ta duk ƙarshen mako. Ka kauce wa hutun makarantunsu na ƙarshen Janairu, kamar yadda a Jojiya za ka kauce wa sabuwar shekara har zuwa Kirsimetinsu na 7 ga Janairu. Tsakiyar mako ka hau, Talata ko Laraba. Wane kwanan wata ka yanka ma?

Ɗan Jidda: Farkon Janairu ne, lokacin kaɗai aka ba ni hutu, kuma na ce muku ba a mayar da kuɗin, to Turkiyya da wane kuɗi? Maganar iƙama bara ai da ita na shiga ba wanda ya tambaye ni komai, abokina ma ya ce ba matsala. Malam kuma da girmanka, ɗakin Hajiya mu biyar ta haifa, ba ni kaɗai ba ne don ina Saudiyya. Ni tambaya ɗaya na yi, har yanzu wani na ce bi wani na ce kar ka bi.

Bahaushen Gadarif: Abokinka fasfonsa daban naka daban. Wata nawa ya rage, ka buɗe manhajar Absher ka duba iƙamar mana.

Maman Hanan: Ka ga ko, ita matar ma ba wanda ya sake tambayar ta. In za ka tafi dai ka bar mata kuɗin cefane a hannu, ba a ce za a turo ba.

Injiniya: Farkon Janairu?? To sammakon naka sai ya zama na gaske. Turo min tsayinka da nauyinka ta akwati in faɗa maka tsawon allunan da za ka karɓa, kar su haɗa ka da gajeru.

Direban Tabuk: Wai adashin nan naku akwai gurbi a zagaye na gaba? Nawa ake zubi?