Tauraron teku na tsaraba: mushe ne ko ba mushe ba?

Dattijon Sabon Gari: Salamu alaikum. Maganata da masu tebur ce, waɗanda ke sayar da busasshen tauraron teku, dabbar nan ta teku mai siffar tauraro, da sunan tsarabar Kwatano da Lome. Ku ji tsoron Allah. Yawancin abin da kuke jerawa ba a tsoma shi a alkol ba, shanya kawai aka yi, aka watsa fenti da berni alhali cikinsa da sauran danshi. Mutum ya saya ya sa a kabad ɗin falo, damina na sauka ɗaki ya ɗau ƙarni, ƙasan hannuwan ya fara zubar da gari. Mushe kuke sayar wa bayin Allah.

Malam na Birni: Wa alaikumus salam. Alhaji, janye kalmar mushe. Hadisin Abu Huraira da ke cikin Muwaɗɗa ya nuna ruwan teku mai tsarkakewa ne, mataccensa kuma halal. A mazhabar Malikiyya dabbar teku ko da kanta ta mutu ba najasa ba ce. Wanda ya taɓa ta ya tada salla, sallarsa ta yi.

Mai tebur na Kasuwar Dole: Allah ya saka, Malam. A fito gaban jama'a a ce muna cin kuɗin mushe? Ai wannan ɓata suna ne.

Malamin lise: Allah gafarta Malam, wannan hukunci ba kowa ya tafi a kai ba. Hanafawa kifi kaɗai suka halatta, shi kuwa wannan ba kifi ba ne. Ba shi da ƙashin baya, ba ƙwaƙwalwa, ba jini. Ruwan teku yake zuƙa ta wani ɗan faifai da ke bayansa, ya tura shi cikin ɗaruruwan ƙananan ƙafafu da ke jere ƙarƙashin kowane hannu, da su yake tafiya. Nau'insa ya kusa 2,000, kuma babu ko ɗaya da ke rayuwa a ruwan daɗi.

Malam na Birni: Ɗana, a Damagaram muke, ba a Istambul ba. Aya ta 96 a Suratul Ma'ida farautar teku ta ambata, ba ta ce sai mai ƙashin baya ba.

Malamin lise: To ko a hakan ba da kansa ya mutu ba. Wanda ya mutu a gaɓa cikin ƴan kwanaki yake narkewa, hannuwa su gutsure. Duk wanda kuka gani da hannu 5 a miƙe, cif, babu ɓalli, akasari da ransa aka tsamo shi aka busar.

Mai tebur na Kasuwar Dole: Kun ji ko? Shi ma ɗan boko ya ce ba mushe ba ne.

Malamin lise: Yaya, ba abin da na ce ke nan ba.

Hajiya mai farmasi: Ku bar gardamar, ga yadda ake yi idan ana so ya daɗe. A fara wanke shi da ruwan daɗi har gishiri ya fita, don gishirin da ya rage shi ke janyo laima da damina. Sannan a nutsar da shi gaba ɗaya cikin alkol mai digiri 70, ƙarami kwana 1, mai kauri kwana 2. In mai 90 ake da shi, a haɗa awo 7 na alkol da awo 2 na ruwa, ya koma 70. Mai ƙarfi sosai yana ƙandarar da fata tun bai ratsa ciki ba. Da an fitar, a shimfiɗa shi kan kwali, bakin yana duban ƙasa, a danne kowane hannu da ɗan abu mai nauyi, in ba haka ba sai hannuwan su nannaɗe sama. A inuwa mai iska ake shanya, ana juyawa. Ranar Afrilu ta nan, da zafi ke wuce digiri 40, tana kashe launi, ta busar da baya ta bar ciki. Alamar ya gama: ya yi sakayau, in an ƙwanƙwasa ya yi ƙara, kuma an shinshina tsakiya ba a ji komai ba. Sai a lokacin ake shafa berni, siriri, sau 2. Wanda ya riga ya shafa ya kulle ruɓa a ciki.

Mai tebur na Kasuwar Dole: Hajiya, duk wannan tallar alkol ce. Ruwan jabel na kashe wari cikin minti 10.

Hajiya mai farmasi: Yana kashe warin, ya kashe kayan. Jikin tauraron ƙananan ƙasusuwan alli ne da nama ya ɗinke su. Jabel naman yake ci, sai ƙasusuwan su watse a hannunka. Bineger da lemun tsami kuma allin suke narkarwa. Masu sa formol, ruwan nan da ake hana gawa ruɓewa da shi, su sani guba ne, tun 2004 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa shi cikin abubuwan da ke haddasa ciwon daji. Ba a ajiye irin wannan inda yaro zai kai baki.

Mai tebur na Kasuwar Dole: Wa ya ce muna sa formol? Ki kawo shaida.

Hajiya mai farmasi: Ban kama sunan kowa ba, ƙanena. Mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as.

Baba majemi: Garin da Alhaji ya ce yana zuba ba ruɓa ba ce, ƙwaro ne, wannan mai cin kirgi da busasshen kifi. Tsutsarsa mai gashi ke shiga ta tsagin da ke ƙarƙashin hannu ta cinye ciki. A ɗaure shi a leda, a sa a firijo wurin ƙanƙara mako guda, a bari ya huce cikin ledar kafin a buɗe. In kuran na yawan ɗaukewa a maimaita. Daga nan sai kwalba mai murfi, da ƙwayar kafur ɗaya da ƴan ƙullin nan masu shan laima da ke zuwa a kwalin takalmi.

Ɗan autan zaure: To tunda Malam ya ce halal ne, a iya jefa shi a miya?

Malam na Birni: Halal daban, lafiya daban. Yaro, ka iya bakinka.

Malamin lise: Fatar da yawansu na ɗauke da sinadari mai ɗaci da ke kare su daga masu cinsu, bare wanda aka yi wa fenti.

Direban Lome: Ni inda na tsaya shi ne "tsarabar Kwatano". Mai jajayen ƙusoshi a baya na tekun Indiya ne, wajen Kenya da Zanzibar. Mai baƙaƙen tsinuna da shuɗin nan mai siraran hannuwa sun fi fitowa ta wajen Filifin da Indunusiya. A kwantena suke sauka. Kwatano tasha ce kawai.

Mai tebur na Kasuwar Dole: Kai da ke zaune a mota kana jiran takardun duwan, yaushe ka zama masanin teku?

Direban Lome: Wanda ke kwana a bakin tashar jirgin ruwa ya fi mai zama a Dole sanin abin da ke cikin kwali.

Malamin lise: Kuma kwasar tana da illa. Tauraron ne ke cin kumba da makamantansu, ya hana su mamaye duwatsun gaɓa. A gaɓar yammacin Amurka cuta ta faɗa musu a 2013, har aka sa nau'in nan mai hannu sama da 20 cikin masu gab da ƙarewa a 2020.

Malam na Birni: Amurka kuma? Mu mushe aka ce, shi muke jira a janye.

Dattijon Sabon Gari: Jama'a, ni wari na ce yana yi. Wari! Wa zai maida wa mutane kuɗinsu?

Malam na Birni: Wari ba ya najasta abu, Alhaji. Daddawa ma na wari.

Shugaban zaure: To, an rufe. Abin da aka cim ma: Malam ya kawo aya da hadisi, tauraron teku ba mushe ba ne, cinikinsa halal, don haka ƴan uwanmu na Dole sun fita daga zargi, kuma ya kamata Alhaji ya ba su haƙuri. Lalacewar kaya daga ajiya take, laifin mai saye ne da bai sa kafur ba, kamar yadda Baba majemi ya nuna. Bayanin malamin lise da na direba ba su shafi tambayar ba. Maganar alkol ra'ayin Hajiya ce. Mai son saye ya tuntuɓe ni ta gefe, akwai manya da ƙanana.